Muryar Baba Mai Sanarwa

Akwai wani mutum mai sana'ar haɗa sauti wanda maƙwabtansa na wurin aiki suka laƙaba wa suna Kwaɗo-Biyu. Sun samo sunan ne daga ƙofar ɗakinsa, don kullum in ya tashi sai ya garƙame ta da kwaɗo biyu, ya jijjiga na sama, ya jijjiga na ƙasa, ya sauka matakala, sannan ya sake hawowa ya duba. Mutum ne mai kirki, ba ya cin haƙƙin kowa, kuma hannunsa yana da kyau a aiki. Aibinsa shi ne bai yarda da abu ba in guda ɗaya ne, kuma in ya kafe a kan magana, ko za a shekara ana yi masa bayani ba ya saukowa. In ba shi da lafiya likita biyu yake gani, ya karɓi maganin wannan, ya karɓi na wancan, ya haɗa ya sha ba tare da ya gaya wa ko ɗayansu ba. A ganinsa wannan shi ne hankali, sauran mutane kuwa sakaci ne ya yi musu katutu.

Ɗakin aikin nasa yana saman wani dogon gini mai shaguna, tsakanin wata mai ɗinkin labule da wani mai gyaran kwamfuta. Ya liƙe bangon da soso mai kauri don kada hayaniyar titi ta shigo. A ciki akwai tebur, da kujeru, da makirufo a kan sanda, da wata 'yar rikoda da ke ɗaukar magana a kan katin memori. Masu shaguna suna zuwa ya haɗa musu tallan rediyo, masu karanta littattafai don makafi suna zuwa ya ɗauki muryarsu ya tace. Zai iya zama tun safe har azahar yana cire ƙarar numfashi daga tsakanin kalma da kalma, kuma ba ya barin aiki ya fita daga ɗakin nan sai ya gamsu babu sauran abin kushewa.

Da tsohuwar kwamfutarsa ta gaji, sai ya sayi sabuwa. Sabuwar ta zo da nata antibairos, wato manhajar da ke gadin kwamfuta kada mugun abu ya shiga ya ɓata aiki. Wannan mai gadi na cikin gida yana aikinsa shiru, ba ya damun kowa, kuma shirun nan ne bai yi wa Kwaɗo-Biyu ba. Ya ce abin da aka ba ka kyauta ba ka san ranar da zai yi barci ba. Ya je ya sayo wani antibairos ɗin na wani kamfani ya ɗora. Yana gama ɗorawa kwamfutar ta rubuto masa cewa tunda sabon mai gadi ya kama aiki, na cikin gida ya ja gefe, sai dai ya riƙa leƙowa jefi-jefi.

Haka aka tsara abin tun asali, kuma da ya bar shi haka da an zauna lafiya. Amma shi ya ɗauki wannan saƙo a matsayin raini. Ta yaya zai mallaki masu gadi biyu a ce ɗaya ya je ya kwanta? Ya duƙufa bincike a intanet har ya gano yadda ake kutsawa can cikin saitin kwamfuta a tilasta wa na cikin gida ya miƙe tsaye tare da baƙon. Kwamfutar ta gargaɗe shi, ya danna ya wuce. Da ya ga alamar su biyun a ƙasan allo, kowace tana haske, ya ji daɗi har ya leƙa shagon maƙwabcinsa ya kira shi ya zo ya gani.

Mai gyaran kwamfuta abokinsa ne na shekaru, tare suke shan shayi da hantsi. Ya duba allon, ya girgiza kai.

"Taura biyu ba ta taunuwa, ɗan'uwa," in ji shi. "Zaɓi ɗaya ka bar shi ya yi aikinsa. Duk wanda ka zaɓa ya isa."

Ya yi masa bayani dalla-dalla. Duk fayil ɗin da aka buɗe, su biyun za su kai masa hannu a lokaci guda, wannan ya riƙe, wancan ya ja, kwamfuta ta tsaya tana jiran su gama. Bayan haka, kowannensu yana shiga lungun kwamfuta inda ba a barin kowa ya shiga, yana buɗe abin da ba nasa ba, to irin wannan hali a idon ɗayan halin ɓarawo ne. Ƙarshenta za su bar gadin ƙofa su koma gadin juna.

Kwaɗo-Biyu ya yi dariya ya ce, "Kai da kake cin abinci da lalacewar kwamfuta, ai ba za ka so tawa ta zauna lafiya ba."

Da wasa ya faɗa, amma har cikin ransa haka yake gani, kuma abokin nasa ya gane. Mai gyaran ya ajiye kofin shayinsa ya koma shagonsa. Sun ci gaba da gaisawa, sai dai bai ƙara ɗaga maganar ba.

Ba a jima ba abin da aka faɗa ya fara bayyana. Sabuwar kwamfuta ta koma tafiyar hawainiya. Fankar cikinta tana gurnani tun safe, jikinta ya yi zafi, in ya buɗe aiki sai ya je ya sha ruwa ya dawo bai gama buɗewa ba. Sannan ga ƙorafi. Yana tsakiyar tace murya sai baƙon mai gadi ya faɗo kan allo da jan rubutu, ya ce ya kama mugun abu. In ya karanta sai ya ga na cikin gida ake nufi. Can an jima na cikin gida ya faɗo da nasa, shi ma yana tuhumar baƙon. Kowane saƙo yana zuwa da zaɓi biyu, ko a killace abin ko a ƙyale shi. Da farko yana karantawa a tsanake kafin ya danna ƙyale. Da abin ya zama na kullum, ya daina karantawa. Yatsansa ya haddace inda wurin dannawar yake, har yakan danna idonsa yana kan wani abu daban. In wani mai talla ya tambaye shi me ke faruwa, sai ya ce ai yaransa ne suke nuna masa ba barci suke yi ba.

Kwaɗo-Biyu yana da mata, ita ce auta a gidansu, kuma Auta kowa yake kiranta. Sun daɗe da aure Allah bai ba su haihuwa ba, sai a wannan shekarar ta sami ciki. Mahaifinta tsoho ne da ya yi rayuwarsa yana aikin sanarwa a tashar jirgin ƙasa, shi ya sa har ya yi ritaya ana ce masa Baba Mai Sanarwa. Murya gare shi mai kauri da sanyi, irin wadda in ta ce jirgi zai makara sai fasinja ya ji ba komai. A gida ma da muryar nan ya raini 'ya'yansa, da ita yake ba da labari, da ita yake tsawatarwa ba tare da ya ɗaga ta ba. Sai dai duk shekarun nan babu wanda ya taɓa ɗaukarta. Lasifikar tasha ba ta ajiye magana, shi kuma tsoho 'yar ƙaramar waya yake riƙewa, bai san wani saƙon murya ba.

A 'yan watannin nan muryar ta fara dishewa. Aka ɗauka mura ce, aka sha magani, ba ta sake ba. Da aka je babban asibiti likitoci suka ce ƙari ne a maƙogwaro, mugun iri, kuma ba makawa sai an cire wurin da murya take fitowa. In Allah ya sa aka yi nasara zai rayu, zai ci, zai sha, zai yi tafiya, amma ba zai ƙara magana ba. Aka sa ranar tiyata.

Tsohon bai yi kuka ba, bai kuma yi ƙorafi ba. Abu ɗaya ya roƙa. Ya sa aka kira masa surukinsa, ya ce yana so kafin ranar ya zo ɗakin nan mai soso a bango ya yi magana a ɗauka.

"Abin da ke cikin Auta ba zai tarar da muryata ba," in ji shi. "Ina so in ya yi wayo ya san kakansa ba bebe aka haife shi ba."

Kwaɗo-Biyu ya ji tausayi ya kama shi, ya kuma ji alfahari, don wannan aiki ne da babu wanda zai iya shi a dangi sai shi. Ya yi alkawari zai fitar da abin da ba a taɓa jin irinsa ba.

Ana saura kwana kaɗan tiyata, Auta ta riƙo hannun mahaifinta suka hau matakala a hankali. A bakin ƙofa mijinta ya ce ta kashe wayarta ta bar ta a jaka. Ta ce da ma so take ita ma ta ɗauka a gefe, ko don tarihi. Ya ce waya tana sa makirufo ƙara, kuma abin da ya shiga waya ya shiga duniya, gobe a ji muryar Baba tana yawo a hannun waɗanda ba su san darajarta ba. Ta kashe ta, don ba ta son gardama a gaban mahaifinta.

Tsohon ya zauna, aka gyara masa makirufo, aka ajiye masa ruwan ɗumi. Da farko muryar tana karkarwa, yana tsayawa yana haɗiyar yawu da ƙyar. Da ya yi nisa sai ta buɗe, kamar ta san ranar sallama ce. Ya fara da sanarwar tasha, ya jero sunayen garuruwa yadda ya saba, yana jan na ƙarshe. Ya ba da labarin ranar da ya yi sanarwar tashin jirgin da shi kansa ya kamata ya hau, ya tsaya yana kallonsa yana tafiya. Ya faɗi yadda ya fara ganin marigayiya matarsa a bakin tagar sayar da tikiti, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya kira 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, ya gaya wa kowa abin da bai taɓa gaya masa ba. Da ya zo kan Auta sai ya kira sunan ya yi shiru, ya sake kira. Ita tana zaune a ƙasa ta jingina da bango, ta toshe bakinta da mayafi don kada kukanta ya shiga makirufo. Daga ƙarshe ya yi wa jikan da bai zo ba magana mai tsawo, ya ba shi labarai irin na yara, ya yi masa addu'a. Sai da rana ta yi sanyi suka sauko, muryar ta ƙare ƙaf, amma fuskarsa a sake take.

Suna tafiya Kwaɗo-Biyu ya cire katin daga rikoda, ya juye maganar a kwamfuta. Ya sake juye kwafi na biyu a wani ɗan akwatin ajiya da yake da shi, wanda kullum yana jone da kwamfutar ta wata gajeriyar waya. Ba ya zare shi, ba ya kai shi gida, don yana tsoron a ƙwace masa jaka a hanya. Ya saurari farkon maganar ya ji ta fita tas. Sannan ya goge katin, don ɗabi'arsa ce ba ya barin aikin mutane a kan ƙaramin abin da za a iya sa wa a aljihu a fita da shi.

Da ya koma gida Auta ta tare shi da roƙo.

"Malam, ka sa mini ko yaya take a wayata. Ba sai ka gyara ba. Ina so in ji ta ranar da za a shiga da shi."

Ya ce ɗanyen aiki ba ya fita daga ɗakinsa. Akwai tari a ciki, akwai ƙarar kujera, akwai wuraren da Baba ya yi tuntuɓen harshe. Ta ce ita tarin ma so take. Ya ce ta yi haƙuri, kwana ɗaya ne ya gama, kuma ta kwantar da hankalinta, abu yana wuri biyu, masu gadi biyu suna tsaye a kansa. Babu abin da ya fi muryar nan tsaro a garin nan, in ji shi.

Aikin kwana ɗaya kuwa ya ƙi ƙarewa. Fayil ɗin babba ne, kuma duk motsin da ya yi sai masu gadin nan sun yi masa caa. Ya yanke tari ɗaya, kwamfuta ta sandare. Ya kashe ya kunna, ya tarar rabin gyaran ya tafi, ya koma baya. Ranar tiyata ta zo bai kai ko tsakiya ba. Aka shiga da tsohon, aka fito da shi da rai, an naɗe wuyansa, an bar masa 'yar ƙofa a ƙasan maƙogwaro ta numfashi. Auta ta tare a asibiti tana jinya da tsohon cikinta. Kullum mijinta ya zo dubiya sai tsohon ya ɗaga gira ya nuna kunnensa da yatsa, shi kuma ya ce saura kaɗan, Baba. A cikin kwanakin nan wata mai karanta littafi ta riƙa zuwa ana ɗaukar karatunta a kan katin nan da aka goge, har ta kusa cika shi.

Wata safiya wani mai shagon kayan ɗaki ya hawo da filas a hannu, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, ya ce kiɗan da yake so a sa a ƙarƙashin tallansa yana ciki, wani ne ya sauko masa da shi daga intanet. Kwaɗo-Biyu yana kan aikin Baba, ransa a ɓace saboda kwamfutar ta riga ta sandare masa tun da sassafe. Ya karɓi filas ɗin ya soka, ya danna fayil ɗin. Nan take jan rubutu ya faɗo, wani ya faɗo a kansa. Fanka ta ɗauki gurnani, allo ya tsaya cak na ɗan lokaci. Mai kayan ɗaki ya leƙo ya tambaya ko lafiya.

"Rabu da su, faɗansu ne na kullum," in ji Kwaɗo-Biyu.

Da allon ya saki, ya danna ƙyale a na farko, ya danna ƙyale a na biyu. Bai karanta ko kalma ɗaya ba. Kiɗan bai buɗe ba, ya ce wa mutumin fayil ɗinsa ya lalace, ya je ya samo wani. Ya rufe aikin da yake yi, ya bar kwamfutar a kunne don kada ya sha wahalar tayar da ita, ya garƙame ƙofa, ya tafi asibiti kai abinci.

Da ya dawo bayan azahar ya tarar fankar ta yi shiru. Ya ji daɗi, ya ce yau sun shirya. Ya danna aikin Baba, kwamfutar ta ce ba ta san wannan irin fayil ba. Ya duba sunan, ya ga an liƙa masa wasu haruffa a ƙarshe waɗanda ba shi ya sa su ba. Ya buɗe na tallace-tallace, haka. Ya buɗe na littattafai, haka. Sai ya tuna da ɗan akwatin ajiya, har ya yi ajiyar zuciya. Ya buɗe shi. Abin da ya ci na kwamfuta ya bi ta gajeriyar wayar nan ya ci na akwatin, bai bar ko ɗaya ba.

Ya fita ya shiga shagon mai gyara ya gaya masa abin da ya faru. Abokin nasa bai ce masa ai na gaya maka ba, kuma da ya faɗa da ya fi masa sauƙi. Ya rufe shagonsa ya biyo shi, ya zauna a gaban kwamfutar har la'asar. Daga nan ya juyo ya gaya masa gaskiya. Bairos ɗin sananne ne, irin wanda yake dagula cikin fayil ya bar suna kawai, kuma kowane ɗaya daga cikin masu gadin nan ya gane shi tun daga bakin ƙofa. Da ɗaya ne kaɗai, da ya cafke shi ya kulle ba tare da ya nemi shawarar kowa ba. Amma su biyun suka kai hannu tare, kowa ya hana ɗan'uwansa ɗauka, shi ne suka tambayi mai gida, mai gida ya ce a ƙyale.

Kwaɗo-Biyu ya miƙa masa katin rikoda. Mai gyaran ya tafi da shi, ya yi iya ƙoƙarinsa, ya kai wa wasu da suka fi shi kayan aiki a wani gari. Karatun matar nan ya hau kan kusan komai. Abin da aka iya tsamowa wani ɗan guntu ne daga can ƙarshen katin, wanda bai kai tsawon numfashi uku ba.

A nan ma Kwaɗo-Biyu bai iya faɗa wa Auta da mahaifinta ba. Ya ci gaba da zuwa asibiti yana cewa saura kaɗan. Ya rame, ba ya iya cin abinci, Auta ta ɗauka tausayin mahaifinta ne, har tana ba shi haƙuri. Aka sallami tsohon ya koma gida da ɗan farin allo da alƙalami, da su yake magana yanzu. Ranar da ya fara jin ƙarfin tafiya, ya rubuta wa Auta cewa ya gaji da jira, ta kai shi ɗakin ya ji ko yaya take.

Kwaɗo-Biyu yana zaune a gaban kwamfutar da aka wanke tas, babu komai a cikinta in ban da guntun nan, sai ya ji takun mutum biyu a matakala, a hankali, ana hutawa. Suka shigo. Tsohon ya sa rigarsa mai kyau, ya ɗaura ƙyalle a wuya ya rufe 'yar ƙofar numfashi. Ya yi murmushi, ya je ya zauna a kujerar da ya zauna ranar ɗauka. Da kansa ya ɗauki abin sauraro ya ɗora a kunnuwansa, ya gyara zama, ya ɗaga wa surukinsa hannu alamar a fara.

Kwaɗo-Biyu ya sauko daga kujera ya durƙusa a gabansa. Ya faɗi komai, tun daga ranar da ya tilasta wa masu gadi biyu tsayuwa har zuwa filas ɗin mai kayan ɗaki. Bai ɗora wa kowa laifi ba. Auta tana tsaye ta dafa bango, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma dube shi ba.

"Na ce maka ko yaya take," in ji ta a hankali. "Na ce maka tarin ma ina so."

Tsohon ya ɗago kai. Bakinsa ya buɗe kamar zai ce wani abu, iska kawai ta fito ta ƙarƙashin ƙyallen. Ya jawo allonsa ya rubuta, ya juya wa surukinsa: babu ko kaɗan? Kwaɗo-Biyu ya ce akwai wani guntu, amma ba abin a ji ba ne. Tsohon ya nuna kunnensa.

Ya kunna masa. Ƙarar jan kujera ce, sai tari, sai muryar nan mai kauri ta ce, "To." Shi ke nan.

Tsohon ya rufe ido. Da ya buɗe, ya juya yatsa alamar a maimaita. Aka maimaita. Ya sake juya yatsa. Haka ya yi ta sa ana kunna masa kalma ɗayan nan, hawaye suna sauka suna jiƙa ƙyallen wuyansa, har Auta ta zo ta zare abin sauraron daga kansa ta ce, Baba, tashi mu tafi gida. Da zai fita ya dafa kan surukinsa, wanda har lokacin yana durƙushe, ya ɗan bubbuga, ya wuce.

Allah ya sauki Auta lafiya, ta haifi ɗa namiji. Kakan yana ɗaukarsa ya ɗora a cinya, leɓɓansa suna motsi, yaron yana kallon bakin yana jira. Auren bai mutu ba, Auta ba mai riƙo ba ce, ba ta kuma taɓa goranta wa mijinta ba. Sai dai wata rana da yamma tana ninke kayan jariri, shi yana zaune kusa, ta tsaya da aikin. Ya tambaye ta lafiya.

"Tun ɗazu nake ƙoƙarin in tuna yadda Baba yake kiran sunana," in ji ta. "Na san yana jan ƙarshensa. Amma na daina jin sa a kaina."

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Tsaro ba a yawan masu gadi yake ba, yana ga mai gadi ɗaya da aka yarda da shi aka bar shi ya yi aikinsa. Duk wanda ya ɗora wa kwamfutarsa sabon antibairos, ya bar na cikin gida ya ja gefe yadda aka tsara, kada ya tilasta musu aiki tare, kuma duk gargaɗin da ya fito ya karanta shi kafin ya danna. Abin da ba a iya maimaitawa kuwa, a ba wani amintacce kwafinsa ya ajiye a wani wuri tun yau, ko da bai gama kyau ba. Rashin yarda da kowa ba hankali ba ne, kuma mai taurin kai ba shi kaɗai yake biyan kuɗin taurin kansa ba, sau da yawa waɗanda suka fi ƙaunarsa ne suke asarar abin da ba zai taɓa iya mayar musu ba. In masani ya ba ka shawara a kan abin da ya fi ka sani, ka saurara tun kafin a damƙa maka amanar wani.